Burtalin Ruwa a Tsakar Gida

Duk wanda ya tashi a karkara ya san burtali. Hanya ce da aka bari tsakanin gonaki, a wasu wurare har da shingen aguwa ko cini-da-zugu hagu da dama, don shanu su bi su tafi kiwo ko mashaya, su dawo ba su sa baki a shukar kowa ba. Ƙasar burtali ta fi ta gonar da ke gefenta ƙarfi, tun da kullum kashin shanu na zuba a kanta, amma duk da haka magabata suka hana a sa mata garma. Sun san garke zai zo ko ana so ko ba a so, kuma dabbar da ba a bar wa hanya ba ita za ta yi wa kanta. Gwamnatin Jihar Arewa ma ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965 bisa wannan fahimta. Inda aka bi burtali ana gutsira har ya ɓace kuwa, kowa ya ga abin da ya biyo baya.

Ruwan damina ma garke ne. Yana da lokacin zuwansa, yana da hanyar da ya saba bi tun kafin a kafa tubalin farko na gidan, yana kuma da yawan da mutane ba su cika lissafawa ba. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Ɗauki rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 10. In aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 30, abin da ba baƙo ba ne a watan Agusta, lita 3,000 ce za ta sauko daga wannan rufi kaɗai, wato jarka 120, ko kura 10 ta 'yan ga-ruwa masu ɗaukar jarka goma sha biyu-biyu, a juye maka su a tsakar gida cikin sa'a guda. A ƙasar Kano, inda ruwan shekara kan kai milimita 800 ko fiye, rufin nan zai zubo lita 80,000 kafin kaka. Wannan shi ne garken da ke shigowa gidan mutum kowace shekara, kuma da yawanmu ba mu taɓa zama mun yanke masa inda zai bi ba.

Abin da na lura da shi a gidajenmu shi ne ana fara gyara daga inda ido ke gani. In kuɗi ya shigo, sai a yi wa ɗaki fenti, a sake kwanon rumfa, a sayo dashen mangwaro da gwaiba a jera. Kwata ita ce ta ƙarshe, in ma an tuna da ita. A ganina tsarin a juye yake. Hanyar ruwa ce farko, sannan a tsare abin da ba a so ruwa ya taɓa, sannan lambu. Manomin da ya shuka gero a tsakiyar hanyar shanu ba shi da bakin kuka ranar da suka dawo daga mashaya.

Makiyayi da bin garkensa yake sanin halinsa: wace saniya ce ke ja gaba, wace ce ke ratsewa, wace ce ke tsayawa a baya. Maigida ma haka ya kamata ya yi. In aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ya ɗauki lema ya fito tsakar gida ruwan na zuba, ya duba ta ina yake saukowa daga rufi, ina ya nufa, ina yake haɗuwa ya yi ƙarfi. Da gari ya waye ya sake zagayawa ya ga inda ya kwana, ya kafa tsinke a wurin ko ya zagaye shi da toka. Kafin duk wannan ma, ya tambayi matan gidan. Su ke sharar tsakar gida safe da yamma, su ke ɗage murhu in ƙasa ta jiƙe, su suka san lungun da tabarma ba ta bushewa. Sau da yawa magini zai yi ta aune-aune, uwargida na gefe ta ce, "Malam, ai ba nan yake taruwa ba, can bayan madafi ne," kuma maganarta ce za ta fito.

Aunin gangare ba ya bukatar injiniya. Siririn tiyo mai haske da ake ganin cikinsa, a cika shi da ruwa, mutum biyu su riƙe bakunansa biyu: tsayin ruwan a wannan baki daidai yake da na wancan, komai nisan da ke tsakaninsu. Da shi ake gane ina ne tudu, ina ne kwari, ko da ido ya ce fili a shimfiɗe yake. Santimita biyu na gangare a kowace mita sun isa ruwa ya tafi da kansa. A kan mita 10 ke nan ana neman bambancin santimita 20, kimanin taƙi guda. Ana kuma fara haƙar kwata daga mafita a yo baya zuwa cikin gida. Wanda ya fara daga ƙofar ɗaki yakan iso bakin katanga ya tarar ya riga ya nutse ƙasa da lambatun waje, sai ruwan titi ya riƙa shigo masa maimakon nasa ya fita.

Rariyar da ke gindin katanga ita ce ƙofar wannan burtali, kuma a nan aka fi samun matsala. Yawanci ƙanƙanuwa ake yi, daidai ruwan wanke-wanke, an manta da na Agusta. A faɗaɗa ta, a sa mata ragar ƙarfe da za ta tare leda da ɓawon rake ta kuma hana ɓera da maciji shigowa, a ɗora wa yaro ɗaya alhakin dubata duk lokacin da hadari ya haɗu. Leda ɗaya ta ruwan sha ta isa ta mayar da tsakar gida tafki.

Sai gindin bango. Ginin ƙasa ba kasafai yake mutuwa daga sama ba. Daga ƙafa ruwa ke cinsa. Maginan da suka gina tsofaffin unguwannin Kano da Zariya da Katsina da Damagaram sun san haka, shi ya sa suke yin gindin katanga da kauri ta tafi tana sirancewa, suke kuma sa indararo mai tsawo da zai wurga ruwan soro nesa da bango. Suna shafe bango da makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, masu hali kuma su yi laso, haɗin katsin marina da gashin awaki daga majema da dafara. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an bi soro an toshe tsaga an sake yaɓe. Da kwano ya zo, sai aka ɗauka an huta. Amma kwanon da ba shi da mazurari yana zubo ruwa a layi ɗaya, taku guda daga bango, ya haƙa ɗan rami a tsawon ginin, ya riƙa fantsama laka yana jiƙa gindin. Shekara uku, huɗu, sai ka ga ƙasan bangon ya rarake, sama na nan lafiya. Maganin mai sauƙi ne: a cike wannan layi da tsakuwa ko fasassun bulo, a tayar da ƙasar jikin bango ta gangaro waje, in da hali a sa mazurari ya kai ruwan cikin durom. Durom ɗin kuwa a rufe shi. Sauro cikin kwana bakwai zuwa goma yake tashi daga ƙwai ya zama mai cizo a irin zafinmu, kuma Nijeriya ita kaɗai ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya. Ruwan da aka tara a buɗe a bayan ɗakin yara ba tanadi ba ne.

Akwai wani gyara da ya yaɗu wanda nake roƙon mutane su yi tunani kafin su yi shi, wato shafe bangon ƙasa da siminti kai tsaye. Ranar da aka gama yana da kyau ƙwarai. Sai dai ƙasa da siminti ba sa miƙewa da tsukewa tare in zafi da sanyi suka sauya, don haka a hankali simintin ke rabuwa da bangon. Da ya tsage, ruwa ya shiga ta baya, ba shi da hanyar bushewa, ƙasar ta yi ta jiƙa a ɓoye. Masu gida na ganin bango sumul, har daren da zai zauna gaba ɗaya. In ka ƙwanƙwasa ka ji yana amsawa kamar ba kome a bayansa, to ya riga ya rabu, a ɓamɓare shi tun da rani.

Rumfa da dakali su ne wurin zaman gida. A nan ake shan iska, a nan tsohuwa ke kaɗi ko tsinkar zogale, a nan yara ke karatun dare. Su ne kuma gonar da ke bakin burtali, wadda ta fi kowace bukatar shinge. Ginshiƙin rumfa daga inda ya haɗu da ƙasa yake ruɓewa, domin nan ne danshi ke daɗewa, nan ne kuma gara ke samun hanya. A ɗauki ƙusa ko bakin wuƙa a soka a gindin kowane ginshiƙi. In ya shige ba gardama, itacen ya gama aiki, ko da samansa na ƙyalli. Kada a zare shi sai an tokare rufin da wani ice a gefensa. Rumfa ta sha faɗo wa masu gyaranta. Sabon kuma kada a mayar da shi cikin ramin da ya ci na farko. A yi masa ɗan tudu na dutse ko kankare da ya ɗara ƙasa da taƙi guda, ya zauna a kai, ƙafarsa a bushe. Azarar giginya ta yi suna saboda gara ba ta cika iya mata ba, shi ya sa za ka ga soron da ya haura shekara ɗari azararsa na nan, amma giginya ta yi wuya yanzu, katakon da ake sayarwa a kasuwa kuma yawanci ɗanye ne. Mutane kan shafa masa baƙin mai na inji don korar gara. In za a yi haka, a nisanta shi da rijiya da wurin shuka, domin abin da ya tsiyaya ƙasa ba ya fita.

A kwanon rumfa, ƙusa a kan tudun kwano ake buga ta, ba a cikin kwarin da ruwa ke bi ba. Gangaren ya fuskanci tsakar gida ko lambu, kada ya juyo wa bangon ɗaki. Iskar farkon damina, wadda ke zuwa da ƙura kafin ruwa, ita ke yaye rufi, don haka a ɗaure katakon rufin da ginshiƙi da langa-langa ko waya mai kauri, a daina dogara da duwatsun da ake ɗorawa a sama. In akwai wayar lantarki da ta ratsa rumfar, wannan ba aikin maigida ba ne, a kira mai gyaran wuta.

Dakali kuwa ƙasa ce a ciki, siminti a waje. In ya tsage ruwa na shiga, cikin ya zauna, tururuwa da ɓeraye su ƙarasa. A buɗe tsagar da kurfi, a share, a jiƙa, a cike da kwaɓin siminti ɗaya yashi uku, sannan a yi ta yayyafa masa ruwa har mako guda. Gaggawar da ake yi a bar sabon siminti ya bushe a rana ita ke sa ya sake tsagewa kafin shekara ta zagayo.

Yanzu ga ɓangaren da ya fi faranta mini rai. Manomin da ya kori shanu daga gonarsa a watan Agusta, shi ne kuma bayan girbi zai je har ruga ya roƙi Fulani su sauka a gonar, wani har da ba su dammunan hatsi, don shanun su ci kara su bar masa taki. Garken bai sauya ba. Lokaci da wuri ne suka sauya. Ruwan da ke kayar da katanga in ya kwanta a gindinta, shi ne zai ciyar da gida in aka kai shi inda ake son ya kwanta. Saboda haka ban yarda cewa aikin kwata shi ne ta fitar da kowane ɗigo zuwa titi ba. Kafin ruwa ya kai rariya, a bar masa masauki: wani kwari a kusurwar gida, nesa da gini da kamar taku biyar ko fiye, a sassauta ƙasarsa a zuba taki. Ya cika wannan tukuna, ragowar ta wuce waje.

Manoman jihar Tawa a Nijar sun nuna iyakar abin da wannan dabara ke iya yi. A kan fako, ƙasar da ta ƙeƙashe har ruwa ke gudu a kanta ba ya shiga, suna haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, faɗin taƙi ɗaya da ɗan ƙari, su tara ƙasar da suka fitar ta gefen gangare, su zuba tafin taki a ciki. Ruwa ya zo ya tsaya a ramin, gara ta bi takin ta huda ƙasa, gero ya fito a inda da ko ciyawa ba ta fitowa. Suna kuma yin manyan kunyoyi masu siffar rabin wata don tare ruwa. A Burkina Faso, inda ake kiran ramukan da suna "zai", Yakuba Sawadogo ya mayar da fako daji da wannan aiki, har aka ba shi lambar yabo ta duniya a 2018. In tassa ta rayar da fako, bayan ɗakin mutum ba zai gagare ta ba.

Sai dai kowace shuka da irin ruwan da take so. Ayaba da rake da gwaza suna son ƙafarsu a jiƙe, su za a sa a bakin kwarin, ko inda ruwan alwala ke zuba kullum. Gwanda da zogale ba sa jure kwanciyar ruwa. Kwana kaɗan a cikin taɓo sai saiwarsu ta ruɓe, don haka a kan tudu ake dasa su. Kuɓewa, rama, yakuwa, lalo da alayyafo a kan kunya, ruwa ya bi ta kwarin kunyar. Kabewa a ba ta katanga ko rufin rumfa ta hau. Manyan itatuwa irin mangwaro da darbejiya a nisanta su da gini da masai, saboda saiwarsu na bin danshi har ta fasa abin da ta tarar. Ruwan wanka da na wanki yana iya zuwa gindin itace, amma kada ya taɓa ganyen da za a ci ɗanye, irin su latas. Ruwan masai kuwa ba ya cikin wannan lissafi sam. Masana tsafta na ba da shawarar a bar mita 30 tsakanin masai da rijiya, abin da filayen birni ba sa bayarwa, shi ya sa dole a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a tabbatar ruwan tsakar gida ba ya gangarawa cikinta. A 2021 amai da gudawa ya kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, jihohin Bauchi da Kano da Jigawa na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma ruwan sha da ya gauraya da ƙazanta shi ne babbar hanyar cutar.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yayin malale tsakar gida gaba ɗaya da siminti, daga ƙofar zaure har bayan ɗaki, ba a bar ko tafin hannu na ƙasa ba. Na san dalili: ana gudun taɓo, ana son shara ta yi sauƙi. Iyayenmu mata ma suna yin daɓe, su taru su buge ƙasa da madaɓi su yayyafa makuba, amma ɗaki da wurin zama suke daɓewa, sauran fili na shan ruwa. Yau gida ɗari a unguwa ɗaya kowa ya malale nasa, kowa ya tura garkensa waje a lokaci guda, cikin lambatun da aka gina don rabin wannan. A Kano da can kududdufan da aka haƙi ƙasar gini a cikinsu su ke karɓar wannan ruwa, ragowar ta bi rafin Jakara. An cike da yawansu da shara an yanka filaye an yi gini. An nome makiyaya, an nome burtali, shanun kuma ba su ragu ba. Wanda ya tashi malale gidansa ya bar ko da kashi ɗaya cikin huɗu a buɗe, ya shimfiɗa tsakuwa in taɓo yake gudu.

Ba ina cewa magirbi da shebur za su tare kowace ambaliya ba. Abin da ya sami Maiduguri a watan Satumba na 2024, da madatsar Alau ta ɓalle, ko Kano a 1988 da ta Bagauda ta fashe, ya fi ƙarfin kowane maigida; wannan haƙƙi ne a wuyan hukuma, kuma a ci gaba da tambayarta. Amma katangar da ke faɗa wa yara suna barci bayan ruwan dare ɗaya, a unguwar da ba kogi ba madatsa, wannan tana cikin abin da hannunmu ke iya kaiwa, da bazara, kafin ruwa ya sauka.

Kuma aikin ba ya ƙarewa a bakin rariya. Burtalin da ya bi ta gona tara lafiya, in mai ta goma ya toshe shi, duk tara ɗin sun yi aikin banza. Wanda ya ɗaga ƙofar gidansa da ƙasa mota biyu ya huta, amma ruwan da ya kora gidan maƙwabcinsa na ƙasa ya nufa, sau da yawa gidan da ya fi nasa rauni, na gwauruwa ko na tsoho mai ginin ƙasa. Kafin a juya bakin indararo ko a buɗe sabuwar rariya, a leƙa a yi sallama a ce, "Maƙwabci, ga abin da nake shirin yi, zo mu duba inda zai bi." In abin ya shafi layi duka, mai unguwa na nan, kuma gayya ba ta mutu ba, matasan unguwanni da dama na fitowa yashe lambatu, musamman ranar Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli a Kano. Yasa ɗaya a watan Afrilu ko Mayu ba ta isa, sai an ƙara wata a tsakiyar damina, lokacin da yashi da leda suka sake taruwa. Abin da aka yaso kuma kada a jibge shi a bakin lambatu a watse, domin ruwan farko zai mayar da shi inda aka ciro shi. A tanadi baro ko kura tun kafin a fara, a kwashe shi a ranar a kai juji.